Tukunyar da Aka Karkata Gabas

A shekarun da nake noman albasa a Aliero, akwai wani Ba'indiye, ɗan ƙabilar Tamil, da ke gyara mana injin ban-ruwa a Jega. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba, amma muna fahimtar juna.

Wata rana cikin sanyi ya roƙe ni in samo masa sabuwar tukunyar ƙasa, sabuwar shinkafa, mazarƙwaila da madarar shanu. Washegari bikin girbinsu ne, Pongal. Ana dafa shinkafar da madara a fili da safe, a bar ta ta tafasa har ta zubo. Zubowar nan ita ce bikin, alamar abinci ya cika gida har ya yi saura. Iyalinsa suna can ƙasarsu, kuma ya yi wa 'yarsa alkawarin hoton tukunyarsa tana zuba.

Wata dattijuwar Bafulatana daga wajen Kimba ce ta kawo madarar, ta zauna kusa da murhu tana jin ɗumi. Kumfa na tasowa, mutumin ya ɗaga wayarsa. Sai dattijuwa ta janye itace, kumfa ta kwanta.

"Mama, bari," in ji shi.

Ya mai da itacen. Kumfa ta sake tasowa, ta sake janyewa.

Na ce, "Inna, so yake ta zube. Al'adarsu ce."

Ta harare ni. "Kai Kaɗo, ka taɓa tatsa? Ɗan maraƙi na hana wa wannan. Ba ta taɓa ƙasa ina zaune."

"Ai ya saya."

"Ya sayi ta sha. Ta zubarwa ban kawo ba."

Madara tana ta ƙonewa, ta yi ƙasa a tukunya, kuma babu wata a kusa. Mutumin ya sauke wayar yana kallon wuta. Ni kuwa na san gardama ba ta ɗaga ta.

Ta daɗe tana dubansa. Can ta ce, "Tambaye shi, ta wane gefe suka fi son ta zubo?"

Ya nuna gabas.

"To, ashe da hankalinsu."

Ta cusa ɗan dutse ta karkata tukunyar gabas, ta ƙara ragowar madarar da ta ɓoye don jikokinta, ta tura itace da kanta. Kumfa ta haye baki, ta gangaro fara fat, ita kuma ta tara ƙwarya ta tare. Mutumin yana ihu da yarensu yana ɗaukar hoto, mu muna dariya.

Muka ci shinkafar da zafinta, zaƙi har kunne. Da ya tura hoton, 'yar ta aiko tana tambayar hannun wa ke riƙe da ƙwarya. Dattijuwa ta ce a gaya mata baɗi ma za ta zo, amma da babbar ƙwarya.