Injin Ƙanƙara a Gonar Albasata

Mun bar Kazaure da asuba, ana sallame salla muna ɗaure kaya. Mu uku ne: ni, da ɗana na fari wanda ba na kama sunansa, da makanikin da ya ɗauko mu a a-kori-kurarsa. Na huɗunmu yana baya, an lulluɓe shi da buhu kamar mara lafiya. Shi ne injin da ya jawo tafiyar.

Bari in faɗa muku asalinsa, don kada ku rikice kamar yadda na rikice. Ina da gonar albasa a ƙasar Gwiwa, gadon maigidana, Allah ya jiƙansa. Gonar tana kan tudu, tafkin yana ƙasa, ƙaramin injin ban ruwanmu ya yi ta fama da hawan nan har ya mutu. Sai ɗan nan nawa ya tafi Kano wajen 'yan gwangwan ya dawo da wata halitta. Kai irin na babur, amma babu taya, sai wasu falankai biyu dogaye a gaba kamar takalman ƙato. Ya ce babur ne na ƙasar Turawa, a kan ƙanƙara ake hawansa. Na ce wace ƙanƙarar? Wadda na sani ita ce ta leda da ake saye da azumi, sai wadda ke faɗowa da ruwan farko ta ɓata shuka. Ya ce can ƙasa ce gaba ɗaya take yin fari har ƙugu. Ni ba na musu a kan abin da ban gani ba, amma ban yarda ba.

Shi da makanikin suka cire injin suka haɗa shi da famfo. Ƙarfi kam akwai, ruwa yake turowa kamar kogi ya ɓalle. Amma kafin tukunyar shayi ta tafasa sai ya fara tari, ya yi ƙwanƙwasa, ya mutu. Kwana huɗu albasata ba ta sha ba, ganye ya fara kwanciya. Makanikin ya ce sai an sa masa wani abu wai shi intakula, kuma a Babura ake samu. Na ce da ni za a je. Mutumin da ya sayo babur marar taya ba zan bar shi ya shiga kasuwa shi kaɗai ba.

Hanyar Babura ba laifi, sai ramuka jefi-jefi da makanikin ya san su kamar 'yan uwansa. Wajen Yankwashi muka tsaya shanu suka ƙetare, garke har uku, na sayi ƙosai. Jama'a, ƙosai ya yi tsada ya kuma rame, kowanne bai fi ƙwallon goruba ba. Ina ci makanikin yana yi mini bayani. Wai a jikin injin akwai wani abu mai kama da katantanwa, turbo, aikinsa kamar zugazugin maƙeri, yana cusa wa injin iska don ya ƙara ƙarfi. Nan na gane. Sai ya ce amma iskar in an matse ta zafi take yi, injin kuma ba ya son iska mai zafi. Na ce to ba wuta ce a cikinsa ba? Ya ce wuta ce. Na ce wuta ce kuma take ƙin zafi? Ya ce haka ne, Hajiya. Daga nan na daina tambaya na ci gaba da ƙosaina.

Mun shiga Babura da hantsi, kasuwa ta fara cika, buhunan gero da wake an jera su sun fi tsawon mutum. Rabin cinikin da sefa ake yi, kuɗin Nijar, mai kayan ƙarfen da muka je wajensa ma da sefa ya fara yi mana magana, sai da na ce masa mu 'yan gida ne. Ya shiga bayan rumfa ya fito da abin. Ni da na zaci wani babban abu ne, ashe farin ƙarfe ne mai faɗin faifai biyu, jikinsa duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, da baki biyu. Daga jikin wata mota da ta yi hatsari aka ciro shi. Iska mai zafi za ta shiga ta wannan baki, ta zagaya, ta fita ta wancan da sanyinta. Na leƙa ciki ban ga abin da zai sanyaya ta ba. Babu ruwa, babu ƙanƙara, wayam.

Abu ɗaya ya burge ni. Kafin a biya, makanikin ya toshe baki ɗaya, ya tsoma abin gaba ɗaya cikin bahon mai faci, aka hura masa iska, muna kallo ko zai yi kumfa. Bai yi ba. Ya ce ba ya yoyo. Irin gwajin da nake yi wa sabon tulu ke nan, sai na ji hankalina ya ɗan kwanta da mutumin. Muka sha fura da nono, furar Babura kuwa ba ta da ta biyu, muka juyo.

Sai da muka sake ratsa Kazaure, na hango ƙofar gidana na wuce, don wai a Roni ne ake da mai waldar farin ƙarfe da zai lanƙwasa bututu. Roni garin duwatsu, hanya tana hawa tana sauka, injin yana ta gungura a baya ɗana yana salati. Mai waldar ya zagaya injin sau biyu ya ce, "Wannan na jirgin ruwa ne ko na sama?" Ɗana ya ce na ƙanƙara ne. Ya dube ni ya ce, "Iya, da gaske yake?" Na ce ni ma rakiya na yo. Aikin ya kai mu magariba, muka kwana gidan 'yar ƙanwata, ta yi mana dambu da zogale.

Washegari da sassafe muka nufi Gwiwa. Ranar kasuwa ce, babura da kekuna sun cika hanya, kowa da akuya ko kaji a baya. Daga kwalta muka sauka burji, daga burji muka shiga yashi. Na sauka na nufi gonata. Fangalin can sama sun yi rawaya, ƙasa ta tsage.

Suka ɗora abin a gaban injin a tsaye, yadda ake sa shi a mota, suka ɗaure bututu, aka tayar. Ruwa ya taso, muka yi hamdala. Injin ya ɗan daɗe fiye da yadda ya saba, sannan tarin nan ya dawo. Makanikin ya taɓa farin ƙarfen ya janye hannu da sauri. Ya cire hula ya mayar. Ya ce sai an je Kano an nemo fanka da batir, kwana biyu in Allah ya yarda. Kwana biyu! Albasar da ke gabana ba ta da kwana biyu.

Na ce, "Malam, tsaya. A garinsu, me yake sanyaya wannan abin?"

Ya ce, "Gudu, Hajiya. Yana gudu iska mai sanyi tana dukansa, ƙanƙara tana watsuwa a kansa."

Na ce, "To nan ina zai guda? Kun ɗaure shi a kan katako."

Ɗana ya ce, "Inna, ki bari, aikin masu aiki ne."

Na ce, "Kai rufe mini baki, mai babur ba taya." Na juya ga makanikin na ce ni ban san inji ba, amma na yi renon 'ya'ya tara. In kunu ya yi zafi yaro yana kuka, ko ka yi masa fifita, ko ka zaunar da kwanon cikin ruwa. Fifita kun ce tana Kano. Ruwa kuwa ga shi nan injin da kansa yake kawowa. Jiya a Babura ba da idona na ga ka tsoma shi a baho ba?

Ya dubi tiyo. Can ya ce bututun ba zai kai wajen ruwan ba. Na ce to a matso da ruwan. Ɗana ya ɗauki fartanya ya haƙa rami a gindin injin, muka shimfiɗa buhu, aka kwantar da farin ƙarfen a ciki, bakunansa suna sama. Aka saka bakin tiyo a ramin, yadda ruwa zai fara wanke shi kafin ya bi kwari ya shiga fangali. Aka tayar. Na zauna a inuwar darbejiya ina jiran tarin. Aka yi azahar bai yi ba. Aka yi la'asar yana ta rurinsa. Makanikin yana ta tsoma hannu a ramin yana dariya shi kaɗai, ya ce Turawa ma suna da irin na ruwa, mantawa ya yi. Na ce Allah ya sa.

Fangali shida na can sama ba su tashi ba, mun makara. Sauran kuwa kafin mu tafi ganye ya fara ɗaga kai.

Mun iso Kazaure ana kiran magariba, ƙafafuna sun kumbura. Falankan nan biyu na babur ɗin na sa an tokare ƙofar garken awakina da su, sun kuwa yi daidai. Har yau ban gane yadda wuta take ƙin zafi ba, kuma ban yarda akwai ƙasar da ƙanƙara ke kai wa ƙugu ba. Abin da na koyo a tafiyar nan ɗaya ne: in baƙo ya zo daga nesa, kafin ka ba shi aiki, ka tambayi abin da yake sha a garinsu. Na faɗa wa ɗana haka, ya ce ya ji. Ya kuma ce 'yan gwangwan ɗin suna da wani guda ɗaya da ya rage. Na ce ya je ya kwanta.