Karatun da Na Sata ta Ɓular Zana

Na fara manta sunayen jikokina, wani lokaci sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma ranar da na tsaya a bakin kogin Gongola na ɗaga sandar fatsa sama, na yi wani karatu da ya zubar da masunta ƙasa don dariya, wannan ranar ba ta da niyyar fita daga kaina har a mai da ni.

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama abin ya faru. Lokacin ni kafinta ne a unguwar Hausari a Potiskum, shekarata ashirin da bakwai, ina da mata da tsohon ciki, da gashin baki wanda nake shafa wa man gyaɗa kullum da safe. Rumfar da nake aiki ba tawa ba ce. Ta wani tsoho ce mutumin Fika, abokin marigayi babana, wanda ya ga na gama koyon aiki ba ni da ko inuwar da zan kafa benci, ya raba rumfarsa biyu da zana ya ce in shiga ɗaya gefen. Baba nake ce masa, shi kuma Kafinta yake ce mini, kamar ba a yanka mini rago ba.

Sana'ar Baba ita ce haɗa sandar fatsa, wato sandar kamun kifi da ƙugiya. Ku yi tunani, a garin da babban ruwansa kududdufi ne! Amma yana da mutanensa: ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da aka turo daga Kudu da wajen Binuwai, waɗanda suka tashi a bakin ruwa suke kewarsa. Ran Asabar sai su cika mota su nufi Gongola ta hanyar Fika. Kowa Baba sai ya auna tsawon hannunsa, ya tambaye shi irin kifin da yake nema, sannan ya yi masa tasa. Gorarsa sai ta shekara a rataye a rufin rumfa, ya miƙar da ita a kan garwashi, ya lanƙwasa sifokin keke ya yi zobban da zare zai bi, ya ɗaure su da zaren ɗinki, ya shafe da banis. A mariƙi ya naɗa robar tiyub. Ƙarfi kam akwai, amma muni ba a magana.

Ni kuwa ina ganin duk abin da tsohon nan yake yi zan yi wanda ya fi shi, in ban da abu ɗaya. Kafin ya ɗaura zobba, sai ya kafa gindin gorar a kan wani faffaɗan dutse, ya tallafi kanta da tafin hannu, ya danna tsakiyarta, ya riƙa mirgina ta a hankali yana gunaguni da Bolanci, yarensu na Fika. Can sai ya ɗauki gawayi ya ja layi. Ni iyayena daga Borno suke, Hausa nake ji da guntun Barbarci, Bolanci kuwa ban wuce gaisuwa ba. Na yanke wa raina cewa wannan gunagunin shi ne asirin sana'ar, mirginawar kuma ado ce kawai don a ruɗa masu kallo.

Akwai wata ɓula a jikin zanan, daidai tsayin idona in na sunkuya a kan benci. Shekara biyu ina leƙe ta nan. Duk lokacin da na sa ido, kalmomin nan dai su yake faɗi, ba ƙari ba ragi, har na haddace su tsaf da hawa da saukar muryarsa. Me ya hana ni zagayowa in ce Baba koya mini? Girman kai, ba wani abu ba. Ni da na yi shekara shida a hannun kafinta ina karanta inci da ƙafa, in durƙusa wa mai robar tiyub?

Cikin mutanen Baba akwai wani malamin asibitin dabbobi, mutumin Binuwai, gajere mai tumbi da fara'a, kowa Likita yake ce masa. Akwai wani giwan ruwa da ya addabe shi a wani gurbi mai zurfi a Gongola. Sau biyu yana tsinke masa zare. Ranar da ya zo neman sabuwar sanda mai ƙarfi, Baba ya tafi jana'iza. Na tare shi, na ba shi kujera, na ce ai sandunan Baba na mutanen da ne, ni zan yi masa irin ta Turawa mai gaɓa uku, wadda zai kwance ya sa a jaka. Na rage murya na ƙara da cewa asirin ma yana hannuna.

Likita ya ce, "Kafinta, ni ba ruwana da asiri. Kifi ɗin nan kawai nake so na ga shi a kan tire."

Sati biyu na yi a kanta. Na zaɓi gora mai kyan fata, na yanka tsohon famfon keke na yi mahaɗar gaɓoɓin, na kai wa baduku ya naɗe mariƙin da jar fata har da tuntaye. Zobba kuwa na jera su a gefen da gorar ta fi sheƙi, don kada zare ya ɓata mini ado. Na ɗan mirgina ta a ƙasa sau biyu don cika ƙa'ida, na tofa mata karatuna. Wallahi ta yi kyau, har yanzu ina faɗi.

Ranar da Likita ya zo karɓa, sai ga Baba. Ya zagayo, ya ɗauki sandar, ya ɗan lanƙwasa ta a tafinsa, ya ajiye.

"Kyau yana da shi," in ji shi, da irin Hausarsa. "Amma ka nemo bayansa?"

Na ce, "Baba, sanda ce fa, ba jaki ba."

Mutane biyu da ke zaune suna jiran kujerunsu suka yi dariya, dariyar kuwa ta hau mini ka. Na ce zamani ya wuce na robar tiyub, kuma in sandar nan ta karye a hannun Likita, ni da kaina zan kwashe katakona in bar masa rumfarsa. Baba ya dube ni tsawon lokaci. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ba fushi ba ne, ya fi kama da gajiya.

Ya ce, "Kai ka faɗa. In ya dawo da ransa, ni na bar maka sana'a. In ya karye, ka kwashe katakonka."

Sai da na koma gida na ga matata tana tashi da kyar tana dafa bango, sannan na gane girman abin da na faɗa. Ba ni da wata rumfa, ba ni da wani Baba. Amma na lallashi kaina da cewa ai asirin yana bakina.

Ran Asabar Likita ya matsa sai na bi shi in ga aikin hannuna. Muka tafi da direbansa, wani dattijo mutumin Fika marar yawan magana. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni mai haɗa sandar Turawa, ban taɓa kama ko ƙwaɗo ba, kuma ruwan da ya wuce gwiwa tsoronsa nake ji. Muka isa da hantsi, muka tarar da masunta biyar ko shida suna gyaran taru a inuwa. Suka taso kallon sandar, suna shafa jar fatar suna jinjina kai. Ganin an taru, sai na ga dama ta samu. Na karɓe ta daga hannun Likita, na fuskanci ruwa, na ɗaga ta sama da hannu biyu, na rangaɗa karatun Baba da babbar murya.

Wurin ya yi tsit. Na zaci kwarjinin asirin ne, don haka na sake. A na uku wani masunci ya saki taru ya zauna daɓas, wani ya kifa kansa a jikin bishiya kafaɗunsa suna rawa. Direba ya juya mana baya yana ta goge gilashin motar da babu abin da ya same shi. Na ce a raina jahilci ne, ba su saba ganin manyan abubuwa ba.

Likita ya soka ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya ya wurga. Muka zauna har rana ta take. Can sai zare ya miƙe, ya fara gudu, Likita ya zabura yana ihu da yarensu. Sandar ta lanƙwasa, kuma da a ce nan ta tsaya da lafiya. Sai na ga tana murɗewa a hannunsa kamar ana matse wanki, zobban da na jera a ƙasa suna komawa gefe. Likita yana juya ta, tana ƙi. Kifin ya taso sau ɗaya, na ga bayansa, ya kai tsawon yaro ɗan shekara bakwai. Daga nan na ji ƙas! Gorar ta tsage tun daga mahaɗar ƙasa, zare ya shiga tsagar ya yanke, Likita ya zauna cikin taɓo da guntun jar fata a hannu. Sauran gaɓoɓin biyu suka bi ruwa suna sheƙi, don banis ɗin kam na shafa shi da kyau.

Bai zage ni ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya miƙo mini guntun ya ce, "Kafinta, riƙe asirinka."

A hanyar dawowa na kasa haƙuri, na tambayi direba abin da ya ba su dariya. Ya ce wa ya koya mini karatun. Na ce gado ne. Ya ce to, wanda ya bar mini gadon ya san ni sosai. Sannan ya fassara mini, yana kallon titi: "Ga dogon sakaran nan ya sake leƙowa. Yana da baki, ba zai zo ya tambaya ba."

Na ce ya sake faɗi. Ya sake. Likita ya yi dariya har sai da aka tsayar da mota. Ni kuwa lissafi nake yi: shekara biyu! Kullum ina mamakin yadda karatun ba ya canjawa, ban taɓa tunanin cewa ba na jin sa sai in idona yana ɓular ba. Ashe tsohon nan yana ganin ƙwayar idona tun ranar farko. Kunyar da na ji a motar nan ban sake jin irinta ba, kuma a ƙarƙashinta akwai tsoro, don na san abin da na faɗa da bakina.

Washegari da safe na je rumfa da amalanke. Ban yi wa Baba wani bayani ba, labari ya riga ni, har mai shayi ya gaishe ni da Bolanci. Na fara fitar da katako, na ɗora zarto da guduma a kai. Idona ya cika, ina ta sunkuyar da kai kada a gani. Na tuna ranar da ya kama hannuna ya shigo da ni nan, ba ni da komai sai akwatin kayan aiki.

"Ina za ka kai su?" Baba ne a tsaye a bayana.

Na ce, "Baba, alkawari ne."

"Na ce ka kwashe katakonka. Na ce ka kai shi titi? Kwashe shi daga jikin zanan nan, ka cire zanan. Na gaji da ganin ido ɗaya."

Na cire zana. Ya zaro gora daga rufi, ya kafa gindinta a kan dutsen nan, ya kama tafina ya ɗora kanta a ciki, ya ce in danna in mirgina. Na mirgina. Tana tafiya sumul, sai na ji ta yi ɗan tsalle a hannuna ta zauna, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya ce in sake. Ta sake zama a wuri ɗaya.

"Wannan shi ne bayansa," in ji shi. "Kowane gora akwai inda yake so ya lanƙwasa. Ka ɗaura zobba a kan layin, ya taya ka jan kifi. Ka ɗaura a gefe, kifi yana ja, gora yana ja, kai kaɗai ne ba ka da kowa."

Abin da na yi shekara biyu ina sata ke nan, bai ɗauke shi tsawon shan kofin shayi ba. Na ce, "Baba, to me ya sa ba ka faɗa mini da Hausa ba?"

Ya ce, "Da ka tambaya da Hausa, da na amsa da Hausa."

Shi ya yi wa Likita wata sandar, da robar tiyub ɗinta da muninta, ni na ja layin gawayin. Likita da giwan ruwan nan dai ba su taɓa haɗuwa a kan tire ba har aka yi masa canjin wurin aiki. Ɗiyata ta fari a rumfar nan ta koyi tafiya, tana kama gwiwar Baba. Sunan da masunta suka laƙaba mini kuwa ya bi ni shekaru, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya tsaya leƙe zai kwashi abin da ake gani da abin da ake ji, amma abin da ke cikin tafin hannu sai an kama hannunka an sa maka, kuma ba a kama hannun da ba a miƙo ba. Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Har na daina aiki, duk gorar da na mirgina sai na yi karatunsa a hankali, don shi kaɗai ne Bolancin da na iya da kyau, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa.