Kabejin Ado a Lambun Alhaji

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da muka je duba lambun Alhaji Nasiru a unguwar Mirdif ta Dubai ba. Ina wata na biyu cikin ukun gwaji a wani kamfanin tsara lambuna da ke Al Quoz. Wanda ya faɗi gwajin, babu maganar visa, sai gida.

A Dubai sanyi ne lokacin fure. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa ke hucewa, a dasa duk abin da zafi ke kashewa. Ƙa'idarmu ita ce ƙaramar ma'aikaciya ta zana lambu, shugaban sashe ya sa hannu. Na zana furen fetuniya farare da jajaye, na jera furen marigol ruwan ɗorawa a bakin hanya, don da yamma su yi kamar an kunna fitilu.

Shugabanmu Injiniya Bashir, wanda ya yi wata shida a Landan kuma bai bar kowa ya manta ba, ya soke rabi. Ya ce a sa kabejin ado mai ganye shunayya.

Na ce, "Yallaɓai, gidan Bahaushe ne fa."

"Ke Husna, khalas, magana ta ƙare! A Turai shi ake yayi."

Muka dasa layi uku.

Ranar Asabar muka iso har da mai ɗaukar hoto, muka tarar da kututturen kabejin zalla. Mahaifiyar Alhaji, wadda aka kawo ganin likita daga Kano, tana kan tabarma da faranti a gabanta.

Ta ce, "Sannunku 'yan nan. Ku ne masu kabejin? Ɗaci gare shi, sai da na tafasa sau biyu kafin ya yi kwaɗo."

Kafin Alhaji ya buɗe baki, Injiniya ya nuna ni da biro. "Zanen yarinyar nan ne, ranka ya daɗe. Sabuwa ce."

Har na fara hango kaina a jirgin Kano.

Alhaji ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Sati biyu Hajiya ba ta cin komai, sai wannan." Nan take ya buga wa manajan kamfaninmu waya, ya ce daga yau ni zan riƙa kula da lambun.

Injiniya ya yi ta gyaran murya. A banza.

Ranar na koyi cewa kafin a zaɓi launi, sai a tambayi wa ke kwana a gidan. Na kuma gane wani babban ba ya yi wa na ƙasa kyauta sai da abin da ya zaci ya ruɓe.