Ranar da Na Zama Alhaji a Dutse

Ana idar da sallar asuba muka bar Taura, mu bakwai a motar da aka ƙera don mutum huɗu, jakar kwamfutata a kan cinyata. A Gujungu direba ya ƙara mana buhunan riɗi, kamar mun ce masa wuri ya yi mana yawa. A Jahun muka sha koko a tsaye. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru, mai suyar kuma ko kallonmu ba ta yi ba. Da muka wuce Kiyawa hanya ta miƙe, duwatsun Dutse suka fara bayyana.

Sana'ata gwajin kutse ce. Ana ba ni izini a rubuce, in shiga kwamfutocin mutane kamar ɓarawo, in nuna musu inda ƙofa take a buɗe. Wanda ya kira ni abokin karatuna ne, shi ke kula da kwamfutocin wani kamfanin taki da iri, kuma da aikin yake ciyar da mata da 'ya'ya uku a unguwar Limawa. Ya daɗe yana gaya wa maigidansu akwai ɓaraka, ba a saurare shi ba. Ya ce idan baƙo ya faɗa, za a ji.

Ɓarakar tana jikin na'urar da ke ba ma'aikata takardar shaidar shiga. A da, sai abokina ya duba ya amince sannan take bayarwa. Wata rana aka bar maigidan nasu, Alhaji, yana jira, ya ce shi ba zai jira amincewar yaronsa ba. Aka cire dubawar gaba ɗaya. Tun daga nan, duk sunan da ka rubuta mata, ba ta tambaya.

Aka ba ni sunan shiga na mai gadin sito, wanda ba shi da ikon komai. Na nemi takarda da sunan Alhaji, ta miƙo min. Kafin a kira azahar na zama shi, saƙonninsa da takardun kamfani duk suna gabana.

A nan na tafka wauta. Maimakon in same shi a ofis mu biyu, sai daɗi ya kwashe ni, na haska abin a bangon ɗakin taro a gaban ma'aikata. Wani ya yi dariya. Alhaji bai dube ni ba, abokina ya duba.

“Kai ka kawo shi?”

“Ni ne, ranka ya daɗe. Gyaran ba wuya, yanzu ma zan iya...”

“Ka kawo baƙo ya sa rigata a gaban yarana. Ajiye makullai.”

Na ce, “Alhaji, a yi haƙuri, saitin ne ya...”

“Malam, mun gode. Allah ya kiyaye hanya.”

Abokina ya raka ni tasha, har da saya min dabino in kai wa yara. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na isa Taura ana kiran magariba, raina a ɓace. Shekaru na yi ina koyon shiga na'ura, ban taɓa zama na koyi yadda ake nuna wa babba kuskurensa ba. Ƙofar nan tana buɗe har yau, domin mutum ɗaya da ya san yadda ake rufe ta yana zaune a gida a Limawa, kuma ni na zaunar da shi.