Bakaniken da Ke Tura Babur ɗinsa

Duk wanda ya taɓa mallakar babur a Zuru ya san Mika Kunne. Ya samu wannan suna ne a rumfarsa da ke bayan tasha, inda ya shafe shekara talatin da ɗaya yana gyara. Idan ka kawo masa naka, ba ya tambayarka abin da ya same shi. Sai ya ce ka tayar, ya rufe ido, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga, sannan ya faɗa maka ko fulogi ne ko kafireta, wani lokaci har da sunan bakaniken da ya ɓata shi kafin ka zo.

Soja ya so zama, kamar ubansa da yayyensa biyu. Sau uku yana zuwa wurin ɗaukar sababbin sojoji, sau uku ana auna tsayinsa a ce ya koma gida ya ƙara. A karo na uku, yana da shekara ashirin da biyu, ya gane ba zai ƙara ba. Sai ya koyi gyaran babur, abin da ya rasa a tsayi ya mayar a ƙara: ya huda salansar nasa yadda tun yana bakin kasuwa matarsa Keziah za ta san lokacin ɗora ruwan wanka ya yi. A gari ana cewa babur ɗin Mika bai taɓa mutuwa a hanya ba. Wannan magana ita ce allon tallarsa, ba shi da wani.

A daminar da mutanen ƙauyukan wajen Bena suka yi ta kwararowa cikin gari suna gudun 'yan bindiga, wata tsohuwa mai suna Altine ta samu wuri nesa kaɗan da rumfarsa tana sayar da ƙuli-ƙuli. Kwana biyu ta yi tana tafiya a ƙasa kafin ta iso Zuru. Wasu sun fito da tukwane, wasu da buhun dawa. Ita kyanwarta ta goyo a baya. Bayan wata takwas ɗanta ya zo daga Kontagora zai tafi da ita, ya ce motar ta ɗauki uwa da jaka amma ba ta da kujerar kyanwa. Da safiyar tafiyar Altine ta sallama a gidan Mika, can ƙarshen wani siririn lungu a gindin dutse, ɗauke da kwando an ɗaure bakinsa da zane.

Mika ya ce shi ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya tambaye ta me ya sa ta zaɓe shi.

"Ɗan nan, na ga yadda kake sauraren ƙarfe," in ji ta. "Mussata ba ta magana. Sai mai kunne."

Mika bai taɓa iya mayar da yabo ba, sai ya karɓi kwandon. A bakin ƙofa tsohuwar ta ƙara da cewa kyanwar ba ta son mashin. Ya yi dariya, ya ce Keziah ma ba ta so, ga shi suna tare shekara ashirin da takwas.

Ana kwance zanen, wani abu ruwan toka ya wuce tsakanin ƙafafunsu ya shige ɗakin ajiya, bayan buhunan dawa. Kwana tara babu wanda ya sake ganinsa. Keziah ta sa wa kyanwar suna Amarya, tunda ta tare kuma ta ƙi fitowa a gan ta. Mika ya sayo busasshen kifi, ya sayo madara, ya kwanta rubda ciki da tocila yana kiran mus-mus da muryar da 'ya'yansa ba su taɓa jin irinta ba. Abin da ya samu gani shi ne ido biyu, kunne ɗaya a yage, da haƙarƙarin da ake iya ƙirgawa. Ba yarinya ba ce. Gashin bakinta ya fara fari.

Keziah ce ta gano ciwon, abin da har yau Mika bai gama yafe mata ba. Ta lura cewa da rana, idan gidan ya yi tsit, kyanwar kan lallaɓo zuwa kwanon. Da zarar ƙarar babur ɗinsa ta taso daga nesa, sai ta saki kifin da ke bakinta, ta bar fitsari a wurin, ba za ta sake fitowa ba sai gobe. Ranar Lahadi kuwa, da suke zuwa coci a ƙasa, kwanon har lashe shi ake yi.

"Baban Glory, ba kifinka ta ƙi ba," in ji Keziah. "Zuwanka ta ƙi."

Mika ya zauna a kan turmi. Kowa a Zuru ya san a kan babur masu kai hari ƙauyukan nan suke zuwa. Washegari ya cire salansar da ya yi alfahari da ita shekaru, ya sa sabuwa mai laushin murya. Kyanwar ta ji ta duk da haka.

Daga nan ya ɗauki abin kamar gyara. Keziah za ta zauna a tsakar gida da waya tana kallon kwanon, shi kuma yana gwada inda zai kashe injin. Ya kashe a ƙofar gida, kyanwar ta gudu. Ya kashe a gindin mangwaro, ta gudu. Sai da ya kai ga famfon burtsatse da ke bakin lungun, taku ɗari uku da ashirin daga ƙofarsa, sannan Keziah ta ce kyanwar ta ɗaga kai amma ta ci gaba da ci. Tun daga ranar, da safe ya tura babur zuwa famfo kafin ya tayar, da yamma ya kashe a famfo ya turo zuwa gida, hanyar kuma hawa ce. Keziah ta ce ita bai yi mata golmo ba, noman da samarin ƙasar kan yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata, ga shi da furfura yana yi wa kyanwa.

Abin da bai auna ba shi ne famfo wurin taruwar jama'a ne. Cikin mako guda labari ya kai tasha: babur ɗin Mika sai an tura yake tashi, kuma kullum idan ya yi zafi yana mutuwa a wuri ɗaya, mai shi ya kasa gano ciwon. 'Yan kabu-kabun da ke bin layi a rumfarsa suka fara tsallakawa zuwa ta Abdulrashid, wanda Mika ya koya wa aiki shekara goma sha biyu da suka wuce. Wani ya canza masa suna zuwa Mika Tura. Keziah ta ce ya fito ya faɗi gaskiya mana. Ya tambaye ta wanne ya fi dama: a ce bakanike ya kasa gyara babur ɗinsa, ko a ce ɗan soja, ƙanen sojoji, yana tura ƙarfe a kan tudu don kada ran kyanwa ya ɓaci? Keziah ta yi tunani, ta ce gaskiya duka biyun ba su da kyau.

A mako na biyar Amarya ta fara cin abinci yana tsakar gidan, muddin bai kalle ta ba. Ya koyi zama yana ba ta baya. A makon ne kuma Abdulrashid ya tare shi a famfo da yamma, da jakar kayan aiki a hannu da 'yan kallo a bayansa. Cikin ladabi ya yi maganar, abin da ya ƙara mata zafi. Ya ce bai kamata a bar maigida yana wahala yaransa na gari ba. Idan kuma babu abin da ya sami mashin ɗin, to a hau shi zuwa ƙofar gida kowa ya gani, magana ta mutu.

Bugu ɗaya zai tayar da shi, Mika ya sani. Ya kuma san cewa a daidai lokacin kwanon yana waje, kuma idan ya tayar, aikin mako biyar zai koma bayan buhunan dawa. Ya ɗora ƙafa a kan kik ɗin, ya daɗe a haka, sannan ya sauke ta.

"Ba zan tayar ba," ya ce.

"Oga, ba za ka tayar ba, ko ba zai tashi ba?"

Dariya ta fara yaɗuwa. Sai wata mata da ke jiran layin ruwa ta ajiye bokitinta. Hassana ce, ɗaya daga cikin 'yan gudun hijirar da suka kama ɗakuna a lungun. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce su da suka zo daga can, har yanzu idan mashin ya shigo lungun sai su zabura. Uwarta takan shige ƙarƙashin gado, tsohuwa mai shekara saba'in. Ta ce a duk masu mashin a unguwar, mutum ɗaya ne ya lura ba tare da an roƙe shi ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba don kada ya kunyata su. Ta juya ta durƙusa ta ce, "Baba Mika, Allah shi saka."

Dariyar ta tsaya. Abdulrashid ya sauya wa jakarsa hannu. Mika ya buɗe baki zai yi gyara, wanda shi ne aikinsa, ya ga fuskokin jama'a, sai ya rufe. Ya kama babur ɗinsa ya ci gaba da turawa.

Kafin Juma'a mai unguwa ya sa an kafa allo a bakin lungun cewa kowa ya kashe mashin a famfo. Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan alherin da ake yi a ɓoye, yana kallon bencin da Mika ke zaune, Keziah na tari a cikin gyale. 'Yan kabu-kabu suka dawo rumfarsa, ko da yake waɗanda ke kai fasinja lungun suna zaginsa a hawan tudu.

Abin ya tsaya masa a rai. Bayan kwana goma ya sami Hassana tana shanya kuɓewa a ƙofar ɗakinta, ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya ce akwai abin da ya kamata ta sani game da turin nan.

"Mussar Inna Altine?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Katanga ɗaya ta raba mu a ƙauye. Ni na nuna mata gidanka."

Ya tambaye ta to me ya sa ta faɗi abin da ta faɗa a famfo. Ta ce sau uku tana zuwa wurin mai unguwa a kan maganar mashin, sau uku yana ce mata za a duba. Yanzu an duba. Ta ƙara da cewa uwarta ta fara zama a waje da yamma, idan yana so ya zo su gaisa.

Har yau Amarya ba ta yarda Mika ya taɓa ta ba. Keziah tana shafa ta, Hassana ma idan ta shigo. Amma kyanwar ta gano cewa babur ɗin da ake turowa shiru yana zuwa da ɗumi, don haka da ya jingine shi sai ta haye kujerar ta naɗe. Wasu ranakun da safe ma a can yake samun ta. A irin waɗannan ranaku Mika kan tsaya da makulli a hannu, ya ba ta baya yana jira, idan bai ji ta sauka ba sai ya mayar da makullin aljihu ya tafi rumfa a ƙasa.