Malfar Baban Rabi

Har yau safiyar Asabar ɗin da na fita takaba ba ta bar raina ba. Ku da kuka zo aikin garkar nan ta Tama daga baya, kun tarar da ni ina kora dinyoyi kamar tare aka haife mu. Ba haka aka fara ba.

Garkar ta wani Alhaji ce da ke zaune a Madawa, ba ya zuwa sai jefi-jefi. Mai tsaye a kanta shi ne jeran, wato wakilin da ke raba aiki, ya ɗauki mutum ya sallami mutum. Lokacin Mushe Sanusi ne, Mushe wato Malam a bakin 'yan Faransanci. Ƙarƙashinsa akwai Abdu mai kula da injin ban ruwa, sai masu albasa, sai mai kiwo. Mai kiwon shi ne maigidana, baban Rabi, Allah ya jiƙansa. Aikin ya zo da ɗaki biyu a bakin garka, nan muka yi shekara tara. Dinya goma sha ɗaya yake kiwo. Aikinsu cin ciyawa a gindin mangwaro da lemo, da kururuwa in baƙo ya shigo. Babban namijinsu shi ya sa wa suna Kumandan, don ba mai wucewa bai duba shi ba.

Zazzaɓi ya kwantar da baban Rabi a ƙarshen damina. Aka kai shi Madawa, bai dawo ba. Wata huɗu da kwana goma ina cikin ɗaki, ina jin kukan dinyoyi, wani lokaci ina jin ƙarar sanda. Ba ni da bakin magana.

Da na fito, Mushe Sanusi ya sake yi mini gaisuwa, sannan ya faɗa mini abin da aka yanke. Ya ce dinyoyin sun lalace. Kumandan ya fasa wa Abdu ƙwauri, sau biyu ya hana a tada inji a kan lokaci, ga albasa tana tsakiyar shan ruwa. Za a yanka shi, a kai sauran kasuwa. In babu kiwo babu mai kiwo, ɗakunan kuma wani mai albasa za a ba. Na ce a ba ni aikin. Ya ce ya ba ni zuwa Juma'a in gwada.

Abdu yana gefe yana ɗaure ƙafarsa. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, tsuntsu bai san mutum ba, malfa ya sani. In ɗauko malfar marigayi da rigarsa ta aiki in sa, in yi irin fiton da yake yi, za su biyo ni kamar tumaki. Mushe ya ce haka za a yi, kuma ba shawara yake ba ni ba.

Malfar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, inda ya bar ta ranar da ya shigo yana rawar sanyi. Ban taɓa ta ba.

Na ce, "Mushe, malfar ga kai guda ta sani. Ba ni sa ta in yi ma tsuntsu ƙarya."

Ya ce, "Uwar Rabi, ɗakinki ne fa nika jiye maki."

Na ce, "In za su karɓe ni, su karɓe ni da kallabina."

Ya ce Juma'a dai Juma'a ce, ya hau babur ɗinsa.

Ban taɓa kama dinya ba, amma shekara tara ina kallo. Abin da na sani ke nan: ba a gudu, ba a ba ta baya, ba a ɗaga ta da ƙafa, don ƙafarta ba ta da ƙwari. Na shiga gindin lemo hannu sake. Kumandan ya taho wuya a miƙe kusa da ƙasa, yana huci kamar gamsheƙa. Ya kama ni a cinya ya murɗe, ya doke ni da fiffike har na ji a ƙashi. Na tsaya. Da ya sake tahowa na riƙe wuyansa daga ƙasan kai, riƙon da ba ya shaƙewa, na zagaye jikinsa da ɗayan hannun na haɗe fikafikan, na ɗaga shi a hammatata. Zuciyarsa tana bugawa a haƙarƙarina. A gwiwar fiffikensa na hagu na ji kumburi, shatin sanda.

Ina riƙe da shi na ƙirga sauran. Tara na gani, da shi goma. Na lura duk juyin da na yi, kansa wuri guda yake komawa, bayan rumfar inji. Na sake shi na leƙa. Ga matarsa can cikin busasshen ganye, kwance a kan ƙwai. Hanyar da Abdu ke bi kowace safiya taku biyu ne tsakaninta da sheƙar, kuma da sanda yake zuwa.

Na gaya wa Abdu ya riƙa zagayawa ta gabas da rijiya, ya kuma bar sandar a gida. Ya ce ko kumandan na gaske bai taɓa sa shi canza hanya ba. Na ce na gasken bai da mata bisa ƙwai. Masu albasa suka yi dariya, shi ma ya yi, amma ya zagaya. Na nemi zana uku a kare sheƙar, Mushe ya ce sai ya ji daga Madawa. Ban jira ba. Na kwance zanar makewayinmu na ɗaure a wurin.

Kiran dinyoyin ne ya fi wuya. Fiton baban Rabi yana bakina, na iya shi, amma ban yi ba. Na riƙa zuwa da tasar dussa ina buga gefenta da ludayi, lokaci guda kowace safiya. Kwana uku suna kallona daga nesa, sai na ajiye na ja baya suke ci. Ran Laraba biyu suka matso. Ran Alhamis suka ci ina tsugune kusa da su.

Ran Juma'a da hantsi Mushe ya zo da amalanke da kwanduna. Na tsaya a bakin ƙofar garka. Kumandan ya zo ya tsaya gefena yana yi masa huci, amma bai tafi kansa ba.

Na ce, "Kahin a sa mai wuƙa, a hwaɗi mani laihinai na wannan sati."

Mushe ya dubi Abdu. Abdu ya ce shi dai kwana biyar yana tada inji ba wanda ya tare shi. Mushe ya koma gefe ya buga wa Alhaji waya. Da ya dawo ya ce a bari su ƙyanƙyashe tukuna, sannan a gani. Bai ce an ba ni aikin ba, ni ma ban yi godiya ba. Ƙwai bakwai ne, biyar aka ƙyanƙyashe. Daga nan ba wanda ya sake ta da maganar, yau shekara shida.

Kada ku ɗauka Kumandan ya so ni kamar yadda ya so mai shi. Har ya mutu yakan ja mini zane in na makara. Jurewa muka yi da juna.

Abin da nake so ku riƙe, ku sababbi: in dabba ta tsaya muku a hanya tana huci, kafin ku ɗauki sanda ku duba abin da ke bayanta. Mutane ma haka. A wancan satin an ce ni ma taurin kai gare ni, kuma ba wanda ya tambayi abin da nake tsaro.

Malfar tana nan a ƙusarta. Rabi ce ke kaɗe mata ƙura.