Gamaliel Mai Haƙa Rijiya Ba Ɗan Ko'ina Ba Ne

Duk wanda ya sha ruwan rijiya a Angwan Iya, da wuya idan ba Gamaliel ne ya haƙa ta ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Yana saurayi ya zo Keffi, lokacin da aka tashi ƙauyensu don gina Abuja. A nan ya auri Susana, a nan ya binne ta, a nan ya raini 'yarsu Zipora da diga da igiya.

Yarinyar kanta na ja, ba ƙarya. Tare suka gama sakandare da 'yata Nasiha, ita ce ma ke koya wa tawa lissafi. Da jami'a ta ba ta gurbi, uban ya yanka zakara, har gida ya aiko mana da cinya. Amma fa yanzu kowa burtsatse yake yi, aikin rijiya ya mutu. Abin da ya rage musu shi ne tallafin karatu da wata gidauniya ke bai wa 'yan asalin jiha. In babu shi kafin a rufe rajista, gurbin ya tafi.

Ofishin da ke ba da shaidar ɗan asali suka ce masa, "Baba, ai kai ɗan Abuja ne." Ya ɗauki yarinya suka hau mota zuwa Abuja, ko can za su samu wani tallafin. Can kuma aka ce ya kawo mai garinsu ya shaide shi. Wane gari? Suka je wurin, suka tarar da rukunin gidaje da ƙofar ƙarfe. Ya nuna wa Zipora wani dutse ta saman katanga, ya ce a gindinsa kakanta yake kwance. Mai gadi ya ce su matsa, suna tare hanya.

Da na ji, raina ya ɓaci. Na shiga gidansa ko sallama ban gama ba.

"Baban Zipora, mijina Lawal ɗan gari ne. Ya ce a rubuta ta a zuriyarmu, a ce kai ɗan ƙanin mahaifinsa ne."

"Maman Nasiha, in ajiye sunan ubana? Shi kaɗai na fito da shi daga garinmu."

"To dafa mata sunan ta ci!"

Na faɗa, kuma ban janye ba. Ya yi kwanaki ba ya gaishe ni. Ran nan da safe sai ga shi a ƙofarmu da rigarsa ta zuwa coci, ya ce wa Lawal, "Mu je." Ko kallona bai yi ba.

Na bi su ofishin. Wannan karon wani ma'aikacin muka samu, saurayi mai fara'a. Lawal bai kai ƙarshen bayani ba yaron ya tuntsire da dariya.

"Haba Alhaji! Wa bai san Baba Gamaliel ba? Rijiyar gidanmu ma shi ya haƙa. Yaushe ya zama ɗan'uwanka? In na sa hannu, gobe ni za a kora."

Na ce, "To tunda ka san shi, ka sha ruwansa ka girma, ɗan ina ne?"

Ya ce, "Hajiya, ba ni na kafa dokar ba."

Kun ji fa. Da baƙo ne wanda ba wanda ya sani, da ta wuce. Mutumin nan ya yarda ya ajiye sunan ubansa, aka ce ko hakan ba a so.

Aka rufe rajista. Nasiha, wadda ake koya wa lissafi, ta samu tallafin, tana aji biyu yanzu. Zipora tana Mararaba, tana jiran shagon wata mata. Ranar da Nasiha za ta koma makaranta, Gamaliel ne ya ɗaukar mata akwati zuwa tasha. Na ce ya bari, ya ƙi. Na rasa inda zan sa idona.